Ruwan Jego a Kan Soro

Shekarar da aka yi ƙuri'ar nan ta i ko a'a, wadda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke ce wa wi da no, damina biyu kafin a sauke tutar Faransa a Damagaram, a cikinta Allah Ya ba ni ɗana na biyu. Ba na manta ta, domin ranar da jama'a ke tururuwa zuwa wurin jefa takarda, ni ina kasuwa ina cinikin itace. Mutane na tambayar inda ƙasa ta dosa, ni kuwa ina bin jakai ina taɓa kayan da ke bayansu, in ji ko ya bushe.

A lokacin ina zaune a unguwar Zango ta Damagaram, cikin ɗan gidan da mahaifina ya bar mini, Allah Ya jiƙansa: zaure, ɗakin soro guda, da wani na kara, da bishiyar kurna wadda ta cinye tsakar gidan da inuwa. Sana'ata rubutu. Nakan zauna bakin kasuwa da alƙalamin kara da kurtun tawada, in rubuta wa fatake wasiƙa da ajami zuwa Kano ko Agadas, in babu mai wasiƙa in kwafi littafi. Sana'a ce mai albarka, amma ba ta sa mutum ƙiba.

A haihuwar fari, bisa al'ada, maiɗakina ta tafi gidan iyayenta a Gidimuni don wankan jego. An ce kwana arba'in. Ban sake ganinta ba sai da yaron ya fara rarrafe. Kullum na aika, sai a ce a bari a gama yankan rake, a bari ta yi ƙwari, a bari a yi bikin wance. Saboda haka da ciki na biyu ya tsufa, na yi ta roƙo har suka yarda ta haihu a ɗakinta. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: kakarta za ta zo ta yi mata wankan, kuma ruwan zafi, safe da yamma, ba zai yanke ba ko sau ɗaya. In ya yanke, a naɗe kaya.

Wanda bai taɓa riƙe gidan mai jego ba bai san abin da wannan wanka ke ci ba. Ba ruwa mai ɗumi ake nufi ba. Babbar tukunya ce za a cika, a tafasa ta har ta yi ruri, a tsoma rassan tsamiya a ciki ana fyaɗa wa mai jego a jiki. Haka da safe, haka da yamma, har a fita arba'in. Itacen duka a wuyan miji yake.

Kaka ta iso ana gobe haihuwa, kamar an yi mata wahayi. 'Yar gajeruwa ce, busasshiya, da ƙunshin kanwa a ka da goro a kumatu. Da yake kakar matata ce ba uwarta ba, babu kunya tsakaninmu sai wasa, ita ta ce mini ango, ni in ce mata amarya. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Angona, ina itacen?"

Na kai ta bayan ɗaki na nuna mata tarin da na yi wata biyu ina tarawa, ina jin kaina.

Ta duba, ta ce, "Na ga na dafa ƙwai. Ina na wankan?"

Ta yi gaskiya. Kafin ranar suna tarin ya koma rabi. Ga shi lokacin girbi ne, masu kawo itace daga wajen Garagumsa duk suna gona, ɗan wanda ke shigowa kuwa ɗanye ne, ga tsada. Ragon suna ya tafi da abin da ke aljihuna. Kaka kuma ba ta san tattali ba, ta saba da garinsu inda ruwa ke kwance a bakin ƙofa, itace kuma sai dai ka miƙa hannu. Kowace safiya za ta tsoma gwiwar hannu a ruwa ta dube ni ta ce, "Ranar da na sa hannun nan ban fizge shi da salati ba, ranar za mu hau kamiyon Gure, babbar motar nan da ke bi ta Gidimuni, ni da jikata da ɗan nan. Kai kuma ka zauna da alƙalaminka, ya dafa maka tuwo."

Wata azahar na zo yin alwala, na ɗauki butata ta ƙarfe wadda na mance a kan katanga tun safe. Buta ce da ta sha zama a kan garwashi har ta yi baƙi ƙirin. Ina zuba ruwan a hannu na yi tsalle, bismillar ta fito da ƙarfin da ban yi niyya ba. Kusa da ita akwai farin kwano da ruwa a ciki, na taɓa, shi ɗumi kawai ya yi. Na tsaya ina duban butar, na ɗaga kai na dubi sama. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah, ga wuta an hura tun fitowar alfijir, ba mai sayar da ita, ni kuwa ina bin jakai a kasuwa.

Tsakar gidana duk inuwar kurna ce. Wurin da rana ke wuni daga fitowarta har faɗuwa shi ne kan soro. Na je wurin mai sayar da kananzir na roƙi tsofaffin garwa uku, na wanke su da toka da yashi har warin ya fita. Fenti kuwa ba ni da shi, amma ina da abin da na fi kowa iya haɗawa. Na dama tawada mai kauri, gawayi da ƙaro, na shafe garewanin nan tas har suka yi baƙi kamar butar. Wani tsoho da ya wuce ya gan ni ya tambaya wace aya nake rubutawa, ko za a samu a wanke masa ya sha. Na rantse masa babu ko wasali a jiki. Bai yarda ba.

Saura tsani. Nan maƙwabcina ya shigo cikin labarin.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na wani Alhaji, Bakano, mai sayar da yadi da turare, wanda ya daɗe a Zango har ya yi furfura a nan. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, ni da shi kuwa mun riƙe wannan wasa da hannu biyu. Yana da dogon tsani na giginya wanda magininsa ke hawa yin yaɓe kafin damina. Da na faɗa masa abin da nake nufi, sai da ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Malam, wato yanzu rana za ka ɗauka aikin kuku? Nawa za ka riƙa biyanta a wata?"

"Ita ba Bakana ba ce, Alhaji. Kyauta take aiki."

"Ɗauki tsanin. In ruwan ya tafasa ka aiko mini da shayi."

Akwai al'adar da duk wanda ya tashi a garin soraye ya sani. Namiji ba ya hawa kan ɗaki haka kawai, domin daga sama ana ganin tsakar gidan maƙwabta, inda mata ke aikinsu ba lulluɓi. Dole kafin ka ɗora ƙafa a tsani ka ɗaga murya ka sanar, ka jira su shige ɗaki, in ka sauko kuma ka sake sanarwa su fito. Magini da mai gyaran indararo sukan yi haka sau ɗaya ko biyu a shekara, ba wanda ya damu. Ni ma haka na yi. Da safe na tsaya gindin katanga na ce, "Salamu alaikum maƙwabta, namiji zai hau soro!" Na ji ƙarar takalma da faɗuwar taɓarya. Na hau da garwa ɗaya bayan ɗaya, na jera su, na rufe bakinsu da faifai, na sauko na ce, "Ya sauka, Allah Ya ba da haƙuri!"

Bayan la'asar na sake sanarwa na hau. Garwar nan ba ta taɓuwa da hannu, sai da na naɗe tsumma. Na sauko da ita ina haki na ajiye gaban Kaka. Ta tsoma gwiwar hannu, ta ɗan jima, ta cire.

"Ruwan da bai ga wuta ba, ba ruwan jego ba ne. Wannan na wankan ango ne."

"A nuna masa wutar mana, amarya, ko gaisawa su yi."

Aka juye a tukunya, aka sa 'yan itatuwa ƙalilan. Kafin ta gama tauna ɓarin goron da ke bakinta ruwa ya fara ruri. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki rassan tsamiyarta ta shige bayan ɗaki. A wurin Kaka, shiru babban yabo ne. Na zauna na yi lissafi a zuci: in wankan yamma bai ci sai wannan kaɗan ba, itacen da nake iya saye zai ishi na safe, za mu kai arba'in da yardar Allah.

Haka na ci gaba, hawa da safe, hawa da yamma. Wani lokaci da tsakar rana ma nakan dawo daga kasuwa in hau in taɓa garewanin, don jin daɗi kawai, kamar mai duba kaji. Sauko da garwa cike da ruwan zafi a tsani ba aikin gaggawa ba ne, sai a hankali, sai an huta tsakani. Abin da ban sani ba shi ne murhun gidan Alhaji a fili yake, daidai ƙarƙashin idon soron nawa, kuma lokacin da nake hawa da yamma shi ne lokacin da ake tuƙa tuwo. Maiɗakinsa da matar ƙanensa, da sun ji muryata, sai su saki muciya a cikin tukunya su ruga ɗaki, su zauna suna jin tuwonsu yana kamawa, ba halin fita.

Wata magariba, bayan mun fito masallaci, Alhaji ya biyo ni zaure da akushi a hannu. Ya ajiye, ya buɗe. Ƙauri ya cika zauren. Tuwon gero ne, sama gudaji, ƙasa baƙi.

"Malam, ka san wannan?"

"Kamar tuwo."

"Da can tuwo ne. Kakanninka sun zo ƙofar Kano da igwa da dawakai, ba su hana mu cin abinci ba. Kai da garwa uku ka gama da ni. Tun ranar da na ba ka tsanin nan ban ci abin da ba shi da ɗanɗanon gobara ba."

Na yi dariya, na ba shi haƙuri, na ce Bakano ai ko gawayi aka ba shi zai ci ya sayar da saura. Shi ma ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Washegari da hantsi, ina kasuwa, ya aiko aka ɗauke tsaninsa.

Na dawo bayan la'asar na tarar da bango ba tsani, garewanina uku suna can sama cike da ruwan zafi, ina ganin bakinsu daga ƙasa. A ranar aka yi wankan yamma da itacen gobe da safe. Da gari ya waye na ƙona tsohon turmin da ya tsage, da ƙyauren akurkin kaji. Ruwan ya yi zafi amma bai yi ruri ba. Kaka ta tsoma hannu, ba ta fizge ba, ba ta yi salati ba. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwa.

Na leƙa wurin maiɗakina. Tana zaune da jariri a cinya, ba ta ɗago kai ba. A hankali ta ce, "Malam, in na tafi ba za su sake ni ba sai ya yi haƙori. Ga babban, sai yanzu ya saba da kai." Daga nan hawaye ya hana ta ƙarasawa. A nan wasa ya fita daga raina.

Na tafi zauren Alhaji na tsuguna, ban yi masa ba'a ko ɗaya ba, na faɗa masa halin da ake ciki. Ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce wallahi bai san abin ya kai haka ba, kuma da ma zai ba ni itace, sai dai shi ma nasa na girki ne kawai. "Amma Malam, ka duba. Matan nan sun gaji. Ba tuwon kaɗai ba, ko shanya ba su iya yi da natsuwa, kunnensu na katanga. Ni ban hana ka ruwa ba. Namiji a kan soro safe da yamma, shi ne ba zai yiwu ba."

Na koma gida na faɗa wa Kaka yadda muka yi, don kada ta ce ban yi ƙoƙari ba. Tana ɗaure bakin ƙunshi, sai ta tsaya.

"Tsaya. Hawan aka hana, ko gemu?"

"Gemu."

Ta dubi jikarta da idanunta suka kumbura, ta dubi jaririn, ta yi tsaki. "Ba don kai ba, angon banza. Don kada kamiyo ya girgiza mini ɗan nan ne, ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba." Ta yafa mayafi ta fita. Tsohuwa ba ta neman izinin shiga gidan kowa. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo, 'yan matan gidan Alhaji na biye da tsani a kafaɗa, shi kuma yana ƙofar zaurensa yana cewa, "To, Iya. To, Iya. Yadda kika ce."

Na ce mata wannan ba zai yiwu ba, in ta faɗo me zan gaya wa mutanen Gidimuni. Ta ce ta hau rumbu tun ba a haifi ubana ba. Ta ɗaure zane tamau, ta rataya guga da igiya a wuya. Na riƙe tsani, idona a ƙasa, ina karanta duk addu'ar da na sani ta neman tsari. Kafin in kai ƙarshen ta farko na ji muryarta daga sama tana cewa in matso da tukunya.

Ba ta taɓa sauko da garwa ba ko sau ɗaya. Soron ta mayar rijiya. Da safe in cika guga a ƙasa ta ja ta juye a garwa, da yamma ta ɗebo ta zuro mini in juye a tukunya. Babu sanarwa, babu gudu, domin mace ce ta ga mata. Ruwa ya koma ruri. Ƙunshin kaya ya kwance. Alhaji ya tare ni a hanyar masallaci fuska a sake, ya ce jiya ya ci tuwo irin na mutane, har ya nemi ƙari.

Daɗin bai daɗe masa ba. Kaka ta gano cewa daga kan soron nan ana ganin Zango duka, har duwatsun Birni, kuma a ƙasa ga mata biyu masu kunne. Ta fara da gyara musu riƙon muciya. Daga nan ta shiga labarin Gidimuni: wanda kada ya kora daga tabki ba wando, da matar da ta yi wa mijinta yaji ta tafi da jakinsa, da yadda ita kanta ta ƙi maza uku a shekara ɗaya. Takan zauna a bakin soro ta miƙe ƙafa, goro a baki, ni ina ƙasa da tukunya ina cewa, "Amarya, ruwan zai huce." Ta ce, "Ya huce, ranar gobe na nan." Matan gidan Alhaji kuwa suna gindin katanga, kai sama, baki buɗe, muciya a hannu, ina jin shewarsu. A bayansu tuwo na cin wuta. Da can sukan ji ƙaurin daga ɗaki su yi baƙin ciki. Yanzu ko jinsa ba sa yi.

Alhaji ba shi da yadda zai yi. Ba a ƙwace tsani daga ƙarƙashin tsohuwa, ba a kuma ce wa sa'ar uwarka ta rage surutu. Matan gidan ma da ya yi magana suka ce ai tun da suka zo Damagaram ba su taɓa jin daɗin yamma irin wannan ba. Ya same ni a kasuwa ina tsakiyar rubuta wa wani wasiƙa, ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Da muryarka ta fi mini sauƙi, ita aƙalla tana ƙarewa. Zan haƙura saboda mai jego. Amma ka sani ina bin ka, kuma ba kuɗi ba ne."

Ya haƙura ɗin, Allah Ya saka masa da alheri. Ya rame kaɗan. Aka fita arba'in ruwa bai sake yankewa ba, maiɗakina ta yi kyau ta yi haske, tana ɗakinta, yaran biyu suna gabana. Kaka ta hau kamiyon Gure ita kaɗai, da turmin atamfa da matan gidan Alhaji suka haɗa mata, suna kuka kamar uwarsu ce za ta tafi.

Washegari bayan magariba na kinkimi tsani na mayar. Na tarar da Alhaji a zaure ya shimfiɗa tabarma, ga akushi biyu a rufe, ga buta.

"Jingine shi can. Zauna, Malam. Wanke hannu."

Ya tura mini ɗaya, ya jawo ɗaya gabansa. Ya buɗe nasa: tuwo fari sumul, miyar kuka na ƙamshin man shanu. Na buɗe nawa. Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Na ji daga baya cewa shi da kansa ya tsaya a kan matarsa, tana cewa ya isa, yana cewa a ƙara masa wuta.

"Alhaji, wannan ai da shi zan haɗa tawada."

"Ci. Ba a raina abincin maƙwabci."

Na yi bismilla na sa hannu. Yana cin nasa a hankali yana lumshe ido, yana tambayata ko gishiri ya ji. Na ce ya ji, har da toka. Kowace loma sai na bi ta da ruwa. Da na kai rabi na ɗago kai ina neman rahama, ya nuna mini akushin da haɓa. Na ci gaba. Na kankare ƙanzon da ke gindi da farce, na cinye, na yi hamdala, domin ko ƙonanne ne arzikin Allah ne.

Ya jawo akushin, ya karkata shi wajen fitila ya duba ciki sosai, kamar mai duba yadi kafin ya saya. Sannan ya kife shi.

"Ka biya, Badamagare. Babu sauran komai tsakaninmu." Ya turo mini ragowar nasa tuwon, ya ƙara miya a kai. "Ci wannan ka wanke baki."